Motar ta fi ƙarfin aljihuna, amma ina jin kunyar sayar da ita

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tahoua ne, shekarata 36, ina aiki a Yamai, ina da mata ɗaya da yara biyu. Albashina jika 450 na sefa a wata. Tun ina yaro Allah ya jarabce ni da son mota mai gudu. Wata 14 da suka wuce na ga wata Mercedes C63 AMG ƙirar 2010 a hannun wani dillali, na kasa barci. Na sayar da filina na bayan gari miliyan 7, na haɗa da ajiyata miliyan 3, matata ta ranta mini miliyan 2, kuɗin adashenta da jarin atamfofin da take sayarwa, a kan zan mayar mata cikin wata shida. Har yau ko dala ban ba ta ba.

Wajen gudu motar ba ta ba ni kunya ba, amma ta cinye ni. Ban da mai, abin da na kashe a tayoyi da juye da gyare-gyare ya kai miliyan 2. Jika 60 da nake aika wa mahaifiyata a Tahoua duk wata sun koma 25, wata biyu ke nan kuma ban aika komai ba, na ce mata albashi ne bai fito ba. Yanzu wata fitila ta kama a gaban motar, birki ma yana ƙara, makanike ya ce in tanadi jika 900. Wani dillali ya taya ta miliyan 7 da rabi a yadda take. Matata ta daina yi mini maganar kuɗinta, daga gaisuwa sai ajiye abinci. A fadarmu kuwa sunana ya ɓace, da sunan motar ake kirana. In na sayar za a ce na karye, ga asarar miliyan 4 da rabi. Ina tunanin cin bashin banki in gyara ta, ko Allah zai sa a ƙara mini matsayi a wurin aiki baɗi. Me kake gani?

Wani ɗan Ader, daga Yamai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na cire launin motar da sunan unguwarku da wurin aikinka daga wasiƙar, domin irin wannan mota ba ta da yawa a Yamai, kalma ɗaya ta isa ƴan fadarku su gane ka. Kuma tun da farko ka saki jikinka, ba dariya zan yi maka ba. Mu da muka yi wayo a shekarun 1980 mun san wannan ciwo. Lokacin da motocin tseren Paris-Dakar ke ratsa ƙasar nan, su bi ta Agadez, su kwana Tahoua, su shigo Yamai, babu yaron da ke zama gida. Mukan tsaya bakin hanya cikin ƙura, ƙarar inji na dukan ƙirjinmu, kowa na rantsuwa in ya girma sai ya mallaki irinta.

Akwai abin da idonmu na yara bai damu da shi ba a lokacin. Bayan motocin gudun sun wuce da daɗewa, sai ka ga manyan motoci suna tafe a hankali, shaƙe da tayoyi da gangunan mai da kayan gyara, da makanikai waɗanda za su kwana a ƙarƙashin mota da fitila a goshi yayin da direba ke barci. Ba wanda ke yi musu tafi. Sai da na manyanta na gane cewa kowace motar gudu tana da babbar mota a bayanta, kuma in babu ita ko zango ɗaya ba za a ci ba. Da na gama karanta wasiƙarka sai na tambayi kaina, wannan bawan Allah wace ce babbar motarsa? Amsar tana cikin abin da ka rubuto da hannunka: Hajiya a Tahoua, da maiɗakinka. Su ne ke tafe a bayanka da kaya a ka, ba tare da an tambaye su ba.

Bari mu fara da ita motar, domin ba ta cuce ka ba, halinta ta nuna. Injinta V8 ne mai lita 6.2, ƙarfin dawaki 457, wanda mutum ɗaya ke haɗawa da hannu a garin Affalterbach na Jamus har ya liƙa sunansa a kai. Tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa huɗu da rabi, kuma sai da aka yi mata linzami a 250. An yi ta ne don manyan titunan Jamus, inda kwalta ke shimfiɗe kamar tabarma. Kai kuwa daga gida zuwa aiki kake kai ta, tsakanin taksi da kabu-kabu da amalanken jaki, kana tsayawa a kowane shatale-tale. A cikin dawakan nan 457 da wuya ka hau hamsin, amma duk cikinsu babu wanda ke yafe maka harawarsa.

Ɗauki biro mu yi lissafin man, tun da shi ne ka tsallake a wasiƙarka. Litar mai sefa 499 ce a farashin da gwamnati ta tsayar a watan Yulin 2024, bayan ta rage shi daga 540. Tankinta lita 66 ne, wato cikawa ɗaya kusan jika 33. A cunkoson gari, ga kilim a kunne saboda zafi, irin wannan inji na shan wajen lita 20 a kilomita 100. In kana yin kilomita 40 a rana, ka yi 1,200 a wata, lita 240 ke nan, kusan jika 120. Maƙwabcinka mai Corolla da ke bin hanya ɗaya da kai, in motarsa na shan lita 8, bai kai jika 50 ba. Bambancin da ke tsakaninku ya haura jika 70 a wata. Dubi wannan adadi da kyau, ka kuma dubi jika 60 ɗin Hajiya. Kuɗin cefanenta ne ke fita ta salansa.

Ga kuma nau'in man. Masu ƙera ta sun ce a ba ta mai lamba 98, wato fetur mai ingancin da ya fi na yau da kullum. A Turai akan tarar da famfo biyu ko uku mutum ya zaɓa, mu nan fetur iri ɗaya ne, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011 da wanda ake shigowa da shi, kuma lafiya lau yake ga motocin da jama'a ke hawa. Taka dai kwamfutarta takan rage wa injin kuzari don kada ya riƙa ƙwanƙwasa, sai ya zama ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka samu. In kuwa aka shiga ƙarancin mai irin na watan Maris ɗin 2025, lokacin da mutane suka yi ta kwana a layi, har ka kai ga zuba mata na ƴan ruwa-ruwa daga kwalba, to sai dai addu'a. Babur zai sha ya wuce, wannan ba za ta yafe ba.

Sauran kuɗin da ka ce sun kai miliyan 2 ban yi mamakinsu ba. Juye ɗaya tana ɗaukar baƙin mai fiye da lita 8, ninki biyu na ƙaramar mota, kuma ba kowane ba, sai mai tsadar nan da kamfani ya amince da shi. Ƙurar hunturu na toshe matatan iskarta guda biyu, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana dafa robobi da tiyo da batir, don haka tazarar juyen da aka rubuta a littafinta don Bature ba ta aiki a nan, dole a gajarta. Tayoyinta kuwa ka fi ni sani. Na baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su, kuma su ne ke ɗaukar duk ƙarfin injin, shi ya sa suke suɗewa kamar sabulu. Gefensu siriri ne, rami ɗaya bayan ruwan Agusta ya isa ya kumbura taya ya lanƙwasa ƙarfenta. Na taɓa tsayawa wurin wani mai faci ina kallon wani saurayi yana shafa irin wannan kumburi da yatsa, kamar mai taɓa ƙurji a jikin ɗansa, yana tambaya ko za a iya ɗaure shi. Mai facin bai ko ɗaga kai ba ya ce masa, Alhaji wannan sai sabo. In ma kana sayen na hannu ne don sauƙi, ka riƙa duba lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma ka guji masu hoton ƙanƙara, na sanyin Turai ne, zafin kwaltarmu saurin cinye su yake. Sannan motar a ƙasa take ƙwarai. Ranar da ruwa ya cika titi ka ce bari ka ratsa, injin ya shaƙi ruwa, maganar jika 900 ta wuce, an shiga ta miliyoyi.

Kayan gyaranta ma ba irin waɗanda za ka shiga kasuwar Katako ka ɗauko a tebur ba ne. Sai an yi oda daga Turai ko Dubai, ko a nemo daga Kano ko Legas, da kuɗin Yuro da ke kusan sefa 656, ga kuɗin jirgi, ga duwan. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da ke zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada. Makanikan da suka san wannan inji da gaske, masu kwamfutar gwajinsa, ƴan kaɗan ne. Sauran kuwa da kuɗinka za su koyi aiki, a canza wannan a gani, a canza wancan a gani, gyaran gangar Abzinawa. Inshora da binyet, wato harajin mota na shekara, su ma da ƙarfin injin ake yanka su, kai kana can saman jadawali.

To haɗa. Mai jika 120. Miliyan 2 a raba wata 14, wajen jika 143. Ka ga jika 263 ke nan a wata, fiye da rabin albashinka, tun ba a sa takardu ba. Saura wanda ba ya fita daga aljihu a gani, wato faɗuwar darajarta: ka saya 12, ana taya ta 7 da rabi, kusan jika 320 ke zubewa kowane wata ko tana ajiye a ƙarƙashin bishiya. Jimla ta haura jika 580. Albashinka 450. Ƙanena, wata 14 ke nan kana yi wa motar nan aiki, kana kuma ciko daga jikin wasu.

Shi ya sa maganar bashin banki ban goyi bayanta ba ko kaɗan. Jika 900 ɗin nan ba ita ce ta ƙarshe ba, ita ce dai ta yanzu. Mota mai shekaru fiye da goma, in ka rufe wannan baki wani zai buɗe. Banki kuwa daga tushe yake cire nasa kafin albashi ya iso hannunka, da ruwa a kai, ko motar na tafiya ko tana kan duwatsu a gareji. Ƙarin matsayin da kake hange Allah ya kawo shi, amma ba a ɗora tukunya don naman da ke daji. In ma ya zo, yana da masu jiransa da suka riga motar: bashin matarka, makarantar yara da za a koma a Oktoba, ragon layya, da filin da ka rabu da shi. Wannan fili ya fi komai tsaya mini a rai. Ka sayar da abin da ke ƙara daraja yana kwance, ka sayi abin da ke raguwa yana kwance.

Asarar miliyan 4 da rabi da kake jin tsoro kuwa ta riga ta faru, ba ranar sayarwa za ta faru ba. Riƙe motar ba zai dawo da ita ba, sai dai ya ƙara mata ƴaƴa. Abin da ya rage a hannunka shi ne miliyan 7 da ɗoriya da za ka iya tsira da su yau, waɗanda baɗi war haka ba lalle su kai haka ba.

Yanzu maganar maiɗakinka, wadda ita ce ta fi gaggawa a wurina, fiye da fitilar da ta kama. Kada shirunta ya ruɗe ka ka ɗauka ta haƙura. Macen da ke tambayar kuɗinta tana da sauran fata. Wadda ta daina tambaya ta fara rufe littafi ne a zuciyarta. Ka tuna abin da ta ba ka ba rarar kuɗi ba ce, jarinta ne, abin da take juyawa ta yi wa kanta zane, ta kai gudunmawar biki da suna ba tare da ta miƙa maka hannu ba. Wata 14 tana ganin abokan cinikinta suna komawa wurin wasu, tana kuma jin ƙarar motar tun daga kan kwana in ka dawo. Ina jin ba ta gaya wa iyayenta ba, don ta rufa maka asiri. Dukiyar mace tata ce a addini, rancen da ka karɓa bashi ne kamar na kowa, kasancewarku ɗaki ɗaya bai sauƙaƙa shi ba.

Ka zaɓi dare bayan yara sun yi barci, ka ajiye waya, ka kawo takardar lissafin nan ka shimfiɗa a gabanta. Kada ka fara da dalilai, ka fara da cewa ka yi kuskure, ka saɓa alkawari, kuma ka san abin da hakan ya jawo mata. Ka faɗa mata gaskiyar abin da ya faru da kuɗin Hajiya, domin in ta ji daga baya a bakin wani, ciwon zai zama biyu. Sannan ka ce mata miliyan biyunta ne farkon abin da zai fita ranar da kuɗin mota suka shigo, kafin ka taya wata mota, kafin komai. In ta yi kuka ko ta faɗi maganar da ta daɗe tana haɗiyewa, ka jure, kada ka kare kanka. Ba lalle ta sake a daren ba. Abin da zai sake ta shi ne ganin kuɗin a hannunta, in da hali ma ka ɗora mata wani abu a kai saboda cinikin da ta rasa, kyauta daga gare ka ba sharaɗi ba.

Hajiya kuwa, kada ka jira a sayar da mota. Ajiye motar wata ɗaya kawai zai bar maka jika 120 na mai a aljihu, kuɗinta na wata biyu ke nan cif. Ka hau taksi zuwa aiki, ko ka bi wani abokin aiki, ba a mutuwa. Kuma ina tabbatar maka ta san albashi ya fito. Tahoua da Yamai kilomita wajen 550 ne, amma labari ba ya biyan kuɗin mota, ƴan garinku da ke ganinka a Yamai suna zuwa gida. Uwa takan karɓi ƙaryar ɗanta ta yi shiru don kada ta kunyata shi, sannan ta rage cefane, ta jinkirta sayen magani, ta ce wa maƙwabta ai yaron yana ƙoƙari. Ba sai ka zayyana mata komai ba. Ka ce, Inna na shiga wani lissafi da bai yi ba, na kuma faɗa miki abin da ba haka yake ba, ki yafe mini, na gyara. Irin wannan magana ba ta rage ɗa a idon uwarsa.

Saura ƴan fada, waɗanda na lura su ne ainihin abin da ya hana ka motsi. Mu mutanen Ader mun san wannan hali a jininmu. Tun kakanni ake tafiya ci-rani Abijan da sauran gabar teku, kuma ba a son a dawo gida sai da abin nunawa, a da rediyo da keke, yau mota. Ba laifi ba ne mutum ya so a ga ya samu. Amma tambayi kanka, a cikin masu kiranka da sunan motar nan, wa ya taɓa cika maka tanki? Wa ya ce kawo in ɗauki rabin kuɗin taya? Shayi suke sha, su ɗauki hoto a jikinta, wani ma ya ara ya kai budurwa unguwa ya dawo maka da ita fitilar mai na kunne. Za su yi maganarka, wannan babu shakka. Mako biyu, in ta yi tsawo wata ɗaya, sai wani ya yi sabon aure ko ya sayi sabuwar waya, hira ta koma can. Ba wanda ke binka bayani. In an tambaya ka ce na more ta, na sayar, gini zan fara. Ka faɗa kana dariya, kai ka fara tsokanar kanka kafin su tsokane ka, zancen ya mutu a nan. Wanda ya sauya maka fuska don ka sauya mota, ka gode Allah da ya nuna maka shi da araha. Karyewar da ake jin kunya ita ce a ga motar ta shekara a ƙofar gida tayoyi a sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta, kowa ya san dalili.

Wajen sayarwa kada ka yi gaggawar mai gudun bashi, dillalai na shinshino ta daga nesa. Tayin farko ba shi ne farashi ba. Kafin komai ka kai ta wurin wani makanike na biyu mai kwamfutar gwaji, ka biya kuɗin dubawa kawai, a rubuta maka abin da fitilar ke nufi. Sau da yawa ƴar na'ura ce ƙarama ko buji, wani lokaci kuma babban abu ne, gara ka sani. Ka ce a raba maka jika 900 ɗin gida-gida: nawa ne na birki, nawa ne na fitila, nawa ne kuɗin hannu. Birki ba a wasa da shi, in takalman ne suka cinye a canza, ko don ranka da na mai saye. Abin da ya wuce haka, in gyaran jika 200 zai ɗaga farashi da jika 500 a yi, in ba haka ba a bar wa mai saye a rage masa. Kada ka yarda a kashe fitilar da kwamfuta a ɓoye aibi. Haramun ne, kuma Yamai ƙarama ce, mai sayen zai san ƙofar gidanka. Ka tattara rasiɗan duk abin da ka yi mata, domin mai sayen irin wannan mota tarihin kulawa yake saye. Ka ba dillalai biyu ko uku, ka sa ta a Facebook da kanka, ka yanka wa kanka wa'adi na wata biyu da farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Masu sonta ba su da yawa a nan, sun fi yawa a manyan biranen Najeriya, amma fitar da ita can sai da wanda ya san harkar takardun duwan, kada ka tura ta da amana kawai. Kuɗi a hannu, makulli a hannu, da shaidu, a kuma sauya sunan takardu nan take. Wanda ya ce zai ba da rabi sauran sai wata ya yi, ka ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

In aka ce miliyan 8 ta shigo, ka ga biyu na maiɗakinka, ka sayi ƙaramar mota mai lafiya wadda kowane makanike daga Yamai har Konni ya san cikinta, ka kuma sami abin zuba wa a fili ko da ƙarami ne ko da nesa ne. Wasu dillalan kan yi musanya su ba ka ƙaramar mota da ciko. Yana da sauri, amma a nan suka fi cin riba ta fuska biyu, sai ka sa an duba wadda za a ba ka kamar yadda za a duba taka.

Na san zuciyarka za ta ce, to in ajiye ta mana, in riƙa fita da ita ranar Lahadi kawai. Wannan hanya ce ta gaske, masu irin motocin nan da yawa haka suke yi, amma tana da sharuɗɗa: a ce ba kowa ke binka bashi, kana da wata motar ta yau da kullum, kana da ajiyar gyara a gefe wadda in ta tafi gida ba zai ji ba. A yau ko ɗaya ba ka cika ba, kuma ajiyayyar mota ma tana ci, batir na mutuwa, tayoyi na bushewa, inshora da binyet ba sa hutu. Wani kuma zai ba ka shawarar ka riƙa ba da ita haya ga masu biki. Ka taɓa ganin yadda samari ke tuƙi a rakiyar amarya a garin nan? Kuɗin hayar wuni ɗaya ba zai sayi tayar da za su ƙone a shatale-tale ɗaya ba, in kuma aka buge wani, sunanka ne a takarda.

Son motar kuma ba sai ka binne shi ba. Shekararka 36, in Allah ya ba da rai da buɗi, akwai ranar da za ka iya riƙe irinta da babbar motarka ta kanka a baya. Ranar da aka gyara birkin, kafin mai saye ya zo, ka ɗauki maiɗakinka da yaran da la'asar sakaliya, ku bi bakin kogi, ku haye Gadar Kennedy a hankali, a ɗauki hoto a ajiye. Ita ma da kuɗinta a ciki, ban sani ba ko ta taɓa shiga gaba. Amma wannan na gaba ne. Na yau shi ne ka bar makullin a kan tebur gobe da safe, ka tsaya a wurin aika kuɗi kafin ka isa ofis, sannan ka kira Tahoua. Ka gaishe mini da Hajiya, ka kuma rubuto mini yadda kuka ƙare da mutuniyar gidan.